Agogon Kyamarar Kemis

A zangon karatun da ya wuce aka kama Yayana. Keke napep yake ja, na wani Alhaji. Ranar Laraba da safe yana goge gilashi a ƙofar gidanmu a unguwar Gwallaga cikin Bauchi, 'yan sanda biyu suka zo suka tafi da shi da keken. An ce ranar Talata wani keke ya buge dattijo mai tura baron rake a kwanar layinmu, ya karya masa ƙafa, bai tsaya ba. Wanda ya gani bai riƙe lamba ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne labulen keken shuɗi ne, kuma na Yaya shuɗi ne.

Yaya ya rantse a lokacin yana Tirwun, ya kai wa wani magini siminti, bai shigo unguwa ba sai bayan la'asar. Maginin kuwa a titi ya tare shi, bai san sunansa ba balle lambar wayarsa. A ofishin 'yan sanda aka gaya wa Baba idan ba a sami abin da zai wanke shi ba, ranar Litinin za a kai shi kotu, daga can sai gidan yari kafin a fara shari'a. Umma ta daina cin abinci. Sai ta zuba, ta juya cokali, ta rufe.

A makon nan ni ma ina da tawa damuwar, wadda ba ta faɗuwa a gidan da aka kulle ɗansu. Ina da ƙawa ɗaya tal tun firamare. Ni ba ni da baki a cikin mutane, ita ce bakina. Idan malami ya tambaye ni na daskare, ita ke cewa, "Malam, ta sani, kunya take ji." Kullum ƙarfe huɗu saura nake tsayawa a zaurensu mu tafi Islamiyya tare. Sai aka kawo wata baƙuwa ajinmu, an yi wa babanta canjin aiki daga Jos. Doguwa ce, tana da wushirya, tana dariya da ƙarfi ba ta rufe baki, kuma tana yawo da tsohuwar wayar mamanta a cikin safa. Ranar Talatar nan na tsaya a zaure har ƙafata ta gaji, sai ƙanwar ƙawata ta leƙo ta ce ai ta daɗe da fita. Na tafi ni kaɗai. An yi nisa da karatu suka shigo su biyu, leɓensu ja da ƙanƙarar zoɓo. Malam ya sa su durƙuso, suna durƙushe suna taɓa juna da gwiwar hannu. Ko inda nake ba ta kalla ba.

Ranar Alhamis aka ce za a duba kyamarar mai kemis, don ita kaɗai ce a layin. Ba ta kai kwanar ba, amma duk abin da zai je kwanar sai ya bi ta gabanta. Baba ya manta tabaransa a gida, Umma ta ce in bi shi da shi a guje. Da na miƙa masa ban fita ba, na raɓe tsakanin firiji da kwalayen ruwan ƙarin jini. Ba wanda ya kore ni. Yawanci mutane ba sa lura ina wuri.

'Yar sandar da ke riƙe da maganar mace ce gajera mai ƙaramin gilashi. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wajenta. Ta buɗe fayil ta ce a rubucen ofishinsu an kawo ƙara ƙarfe biyu da kwata, don haka mai kemis ya kai hoton wajen ƙarfe biyu. Ya yi ta dannawa, mutane suna gudu da baya a talabijin ɗin kamar an ja su da zare. A kusurwar sama akwai ƙananan lambobi farare masu nuna lokaci. Suna nuna biyu da 'yan mintuna sai ga keken Yaya ya wuce fuu, ya nufi kwanar. Ba a buƙatar lamba. Ga hularsa, ga yadda yake karkata kafaɗar hagu idan yana tuƙi.

Baba ya cire tabaran da na kawo masa ya riƙe a hannu.

"Baba, ka gani da idonka," in ji 'yar sandar. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Ta ce a mayar baya kaɗan a sake gani. Aka mayar. A nan na gan su. Kafin keken ya shigo, 'yan mata biyu sun tsaya a gaban mai kular zoɓo da ke jikin kemis ɗin. Doguwar ta ɗaga hannu sama da waya, ɗayar ta kwantar da kai a kafaɗarta, ta turo baki gaba. Ban taɓa ganin ƙawata ta yi haka da baki ba. Ni idan muna tafiya ko hannuna ba ta riƙewa, wai zafi. Kowa a shagon yana kallon hanyar da keken zai fito, ni ina kallon kan nan a kafaɗar nan.

Sai a kallo na uku na lura da abin da ke jikinsu. Hijabin Islamiyya ne, ruwan toka mai farin baki. Ƙarfe biyu na ranar Talata kuwa dukkanmu muna hanyar dawowa daga boko da koren hijabi.

Na ja hannun rigar Baba.

"Ba ƙarfe biyu ba ne," na ce masa a kunne.

"Me?"

"Kai, yarinya, me ka ce?" 'yar sandar ta juyo. "Zo nan. Ba na cizo."

Na matso ina kallon takalminta. Na ce waɗancan 'yan ajinmu ne, kayan Islamiyya ne a jikinsu, kuma ranar sun makara, an sa su durƙuso. Na ce an wuce ƙarfe huɗu.

Ta kalli mai kemis. Ya sosa ƙeya ya ce gaskiya shi bai taɓa duba agogon abin ba, don ɓarayin maganin tari ya sa shi. Ya ce wanda ya haɗa masa ya taɓa gaya masa ɗan batirin ciki ya mutu, idan aka ɗauke wuta agogon tsayawa yake sai an tada inji ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ta duba agogon hannunta, ta duba na talabijin ɗin. Sun sha bamban sosai. Baba ya ce alhamdu lillahi, amma ta ɗaga masa hannu.

"Wannan na yau ne. Tun Talata sau nawa aka ɗauke wuta? Ni na Talata nake so. Hijabi ba agogo ba ne, oga ba zai karɓa ba." Ta ƙwanƙwasa gilashin da biro daidai kan hannun baƙuwar. "Wannan hoto yake ɗauka. Waya yana rubuta lokaci, kuma nasa ba ya ƙarya. Ka san gidansu?"

Ban san gidansu ba. Na ƙi sani da gangan. Amma na san inda zan same ta.

A tsakar gidan su ƙawata na tarar da su, ranar ba Islamiyya. Ƙawata tana zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyin baƙuwar, ana yi mata kitso. Rabin kai an gama, ƙanana masu lanƙwasa, irin da ban iya ba. Ni nake yi mata kitso da, shuku ko na baya, kullum tana cewa hannuna ba zafi.

"Lale da malama shiru," in ji baƙuwar, da kibiyar kitso a baki. "Yau da bakinki kika zo, ko kin baro shi a gida?"

Ƙawata ta yi dariya, sannan ta ce, "Ya maganar Yaya? Wallahi ina ta son in shigo."

Na tsuguna nesa da su na faɗi abin da ya kawo ni, ina kallon magudanar ruwa. Na ce ana son hoton da suka ɗauka wajen mai zoɓo, kuma sai an je da wayar ofis.

Ƙawata ta fizge kanta har kitson ya warware. Ta leƙa ƙofar ɗakin mamarta ta rage murya.

"Ofishin 'yan sanda? Kin san Abbanmu kuwa? Cewa na yi ranar Malam ne ya ce mu zo da wuri. In ya ji yawo muka tsaya, wallahi sai ya cire ni daga boko. Ba wata hanyar? Ke ki ce kin gan mu mana."

"Sun ce hijabi ba agogo ba ne."

"To ni dai kar a sa sunana."

Yaya ne ke ɗaukarta kyauta duk ranar da aka yi ruwa. Baƙuwar ta riga ta zaro wayar daga safa, tana shafa fuskarta da babban yatsa.

"Ga shi nan. Kai, kalli bakinki kamar na agwagwa." Ta dungure wa ƙawata kai. "Ke matsoraciya ce. Mutum yana kulle kina maganar bulala? Ni ma Mami za ta ci ƙaniyata, ai ba ta san ina fita da wayar ba. Ta ci. Tashi mu je, malama shiru."

Ta miƙe ta bar kitson rabi. Na so a ce ta yi mini wulaƙanci, ko ta ja rai sai na roƙe ta. Da na sami abin riƙewa. A hanya ta kama hannuna don mu tsallaka titi, tafinta duk man kitso, ƙamshin kan ƙawata.

Da muka kai wayar aka ce sai an zo da babba, don haka washegari da safe aka sake haɗuwa a kemis, har da maman baƙuwar, wadda ta zo fuska a ɗaure. 'Yar sandar ta tsayar da hoton kyamara daidai inda hannun ya ɗaga, ta ajiye wayar a gefe. Wayar ta ce huɗu da minti ashirin da wani abu. Ta ja layi a tsakiyar takarda, gefe ɗaya lokacin kyamara, gefe ɗaya lokacin gaskiya. Tazarar ta haura awa biyu. Ta ce to yanzu a koma baya a nemo ƙarfe biyun gaske, amma a hankali, don idan hoton ya yi tsalle a tsakani, an ɗauke wuta ke nan, lissafin ya canza. Muka tsaya muna kallon layinmu yana tafiya da baya. Inuwar rumfa tana janyewa daga titi. Masu la'asar suka koma masallaci da baya. Awaki, mai ruwa, 'yan koren hijabi, har da ni, ni kaɗai a gefen kwata da jaka a ƙirji. Hoton bai yi tsalle ba.

Ta kuma ce lokacin da ke fayil ɗinsu na kawo ƙara ne, ba na bugewa ba, sai an ƙara ja baya. Can sai ga dattijon da baronsa ya wuce. Bayansa kaɗan wani keke ya biyo, shuɗin labule, an ɗaura masa doguwar katifa a sama, direban siriri ba hula. Jim kaɗan duk mutanen da ke cikin hoton suka juya kai gefe guda, wasu suka ruga.

Ba a ga lambarsa sosai ba, kuma har yau ban ji an kama shi ba. Amma da yamma, bayan Baba ya sa hannu a takardu, Yaya ya dawo gida da ƙafarsa, rigarsa tana wari, yana tambayar ko akwai sauran tuwo.

Tun daga ranar, a gidanmu ba a maganar kowa sai "yarinyar nan mai waya". Baba ya gaya wa mutanen masallaci, Umma ta gaya wa 'yan barka. Baba yakan ƙara da cewa, "Wannan ce ta fara lura," ya nuna ni da haɓa, amma labarin ya fi daɗi daga inda waya ta shigo, can ake saurin kaiwa. Abban ƙawata bai ji komai ba, don baƙuwar ta ɗauki laifin ita kaɗai, ta gaya wa mamarta ita ce ta ja ƙawata yawon.

Ranar Lahadi Umma ta tashi tun asuba ta soya masar shinkafa, ta yi miyar taushe da ƙashin rago, ta zuba a kwanonta na baƙi ta ɗaure da sabon ɗankwali. Ta ce in kai gidan su yarinyar, in gaishe da mamarta da kyau, ban da sunkuyar da kai.

Da tambaya na gano shi, gidan haya ne a bayan gidan mai. A ƙofar falo na ga silifas ɗin ƙawata, ba a jere ba, ɗaya nan ɗaya can, yadda mutum ke zubar da takalmi a gidansu. An ƙarasa mata kitson. Maman baƙuwar ta saki fuska, ta buɗe kwanon ta ce kai, masar Bauchi, a kawo faranti. Kafin 'yarta ta motsa ƙawata ta tashi ta shiga kicin. Ba ta tambayi inda suke ba. Ta fito da faranti huɗu da cokula, ta ce, "Mami, na ɗauko miki da yajin."

Na ci guda ɗaya. Baƙuwar tana ta tura mini wasu, tana cewa in ci, ai daga gidanmu suke. Da na ga sun kusa gamawa na ce zan tafi, in an juye a ba ni kwanon.

"Bar shi a wanke tukuna, 'yata," in ji maman. "Ba a mayar da kwano da datti. Ƙawarki za ta kawo muku gobe, ai kullum tana nan."

Na ce to. Na durƙusa na yi godiya yadda Umma ta ce, na fito na nemi takalmina.