Gwaggon da Ke Gwada Zarto da Kanta

Kowace safiya Gwaggo kan riga kowa shiga shagon. Sai ta ɗaure ɗankwali tamau, ta jera faya-fayan zarto a kan tebur, ta kunna wuta. Aikinta shi ne liƙa musu haƙora, wato 'yan gutsattsarin ƙarfe da aka cakuɗa da garin lu'ulu'u, masu ratsa dutse kamar sabulu. In haƙori ɗaya bai kama da kyau ba, ranar da faifan ya ɗauki gudu zai fita kamar harsashi, kuma fuskar mai yankan dutse ce a gabansa.

Shi ya sa faifai ba ya barin shagon sai ta ɗaura shi a inji da hannunta, ta tsaya bayan garkuwar ƙarfe mai 'yar tagar gilashi, ta tura shi cikin dutse. Babu wanda ya sa ta. Mai shago kan yi mita cewa masu saye na jira, ita kuwa ta ce su jira, da idanunsu biyu suka zo, da su za su koma. Abokan aiki na kiranta Amaryar Inji, ta ce ai ya fi su cika alkawari.

Wata rana haƙori ya ɓalle ya fasa gilashin. Waɗanda ke wurin sun ce ƙara kawai suka ji, sai ga Gwaggo a durƙushe, jini na bin tsakanin yatsunta. Idon hagu bai dawo ba.

'Yan jaje suka cika gida, kowa na faɗin dama ba aikin mace ba ne. Masu faɗin haka, ko ƙofar shagon ba su taɓa takawa ba. Da raunin ya warke ta nemi takalmin aikinta, mijinta ya tare ƙofa ya tambaye ta ko ita ba ta jin tsoro ne.

"Ina ji, Baban yara. Amma in ban tsaya gaban injin ba, ɗan wata ne zai tsaya, bai ma sani ba."

Ranar da ta koma, mai gadi ya ga ta zaga bayan shago ta yi amai kafin ta danna injin. Tsoron bai sake ta ba har yau. Ko murfin tukunya ya faɗi sai ta kare fuska.

Gwaggo, ke ce kika kwashe shekaru kina shiga abin da kike tsoro da ido ɗaya. Ke ce garkuwar maginan da ba su san sunanki ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Yanzu ɗaya idon ma ya fara hazo, ta ajiye aiki. A taron sallama, bayan an gama addu'a, ta dubi abokan aikinta ta ce, "To, samarina, wa zai riƙa gwadawa?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya yi 'yar dariya, ba wanda ya taya shi.

Faya-fayai na nan jibge, masu saye na hanya. Ku da kuka yi mata tafi, tafi ba ya riƙe haƙori. A cikinku wani ya tashi ya tsaya bayan garkuwar.