Littafi Mai Jan Bango

Ƙarar murfin buta ce farkon komai. Har yau in ruwa ya tafasa murfin ya fara rawa, sai gabana ya faɗi.

Ni matar aure ce a Kabo, maigidana malamin Islamiyya. Da yake na yi sakandare, ni nake karanta wa matan unguwa wasiƙun mazajensu da ke ci-rani a kudu, in rubuta musu amsa. Halin makaranta bai sake ni ba: sai na fara tsara wasiƙa a wani littafi mai jan bango, sannan in kwafe ta a takarda. Ko shafi ɗaya ban taɓa yagewa ba.

Wata safiya direba ya kawo wasiƙar maƙwabcinmu Malam Isa, mijin Hajara. Ba tata ba ce, ta wansa ce, aka bar mini in miƙa masa. Buta na tafasa, zuciya ta ce mini, kara ambulan ɗin a tururi mana, wa zai sani? Na buɗe, na karanta, na manne. Tun ranar babu wasiƙar da ta ƙara wuce ni.

Shekarar da masara ta gagari talaka, wani dillalin gonaki ya aiko ana sallama da ni. Ya ce, "Malama, layi uku ne fa. Ki rubuta Malam Isa ya yarda a sayar da gonarsa ta Mainika." Na yi ta'awwizi na shige gida. Bayan kwana biyu sai ga ni zaune ina koyon sa hannun Malam Isa, a cikin littafin nan.

Da Malam Isa ya dawo ya tarar an sayar da gonar da takardar da na rubuta, ya kai ƙara kotun shari'a ta Gwarzo. Alƙali ya ba da umarni in kawo duk takardar da ke hannuna. Na ce, "Allah gafarta Malam, amanar mata ce a ciki." Ya ce, "Baiwar Allah, doka ba ta yarda a ɓoye wa kotu abin da ya shafi shari'a ba. Da ma tun farko kika tuna da amanar."

Don a tabbatar littafin nawa ne, magatakarda ya karanta shafin da ke gefen sa hannun. Wasiƙar Hajara ce zuwa ga mijinta: "Malam, Binta ta fara tambayar me ya sa ba ta kama da mu. Don Allah kada ta taɓa sanin a ƙofar masallaci muka tsince ta."

Kotun cike take. Hajara ba ta yi kuka ba, mayafi ta ja ta rufe fuskarta. Maganar ta riga ta isa Kabo kafin a tashi daga kotu.

Na yi shekara ɗaya da rabi a gidan yari. Gona ta koma hannun mai ita. Na tuba, ina kuma fatan Allah Ya karɓa.

'Yan'uwana matasa, ranar da kuka yi laifi ba asirinku kaɗai za a baje a gaban alƙali ba, har na waɗanda suka amince muku. Kada ku buɗe abin da ba naku ba, ko da sau ɗaya ne.

Ran da na fito daga gidan yari, ina wanke-wanke, Binta ta yi sallama. Shekararta tara, ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce:

"Inna, yara sun ce a littafinki aka ga ba Umma ce ta haife ni ba. Ki ƙara dubawa da kyau, ko kuskure kika yi."