Alkamar Yaya Sabo da Jiran Babban Gida

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo, manomin rani a Kadawa. Ina rubuta wannan daga Deira, can ƙasar Larabawa, inda nake loda wa 'yan kasuwar Kano kaya, kuma kunya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Yaya Sabo alkama mai tauri yake nomawa, wadda ake taliya da ita. Irinsa shi ya tace abinsa da hannu. Kowace shekara sai ya bi gona yana zaɓen mai gajeren kara, don doguwa da ta yi nauyi sai ta kwanta, da mai cikakkiyar zangarniya. Amma ya fi tsananta wa lokaci. Da sanyi ya leƙo yake shuka, domin ƙwaya ta cika kafin zafi ya sauko. Mukan tsokane shi cewa ko ɗaurin aurensa ne ya faɗo ranar shuka, sai dai amarya ta yi haƙuri.

A gidanmu babba ne ke fara watsa iri. Da ya rasu girman ya dawo kaina, na kuwa riƙe shi da hannu biyu. Bara kwantena ta maƙale mini, matarsa Yaya Hajara ta kira ta ce sanyi ya shigo. Na ce, "Shwayya dai, a bi a hankali, a jira ni." Aka jira. Girman kai rawanin tsiya. Na isa a makare, na watsa iri ana ɗaukata hoto. Zafi ya riski alkamar tana ruwan nono, ƙwaya ta motse kamar ƙaiƙayi. Irin da ya yi shekaru yana tacewa, abin da ya tsira bai wuce tiya ba.

Da yana raye me zai ce? Ba zai yi faɗa ba. Zai murza zangarniya a tafin hannu, ya hura, ya miƙo mini in gani. Wallahi gara zagi.

Makon jiya na kira Yaya Hajara, ina lissafa mata ranar da zan taho. Ta bar ni na gama.

"Allah ya kawo ka lafiya," ta ce. "Amma mun shuka tun shekaranjiya."

Kunya da daɗi suka haɗe mini. Ashe wanda ya gaji Yaya Sabo yana gidan tuntuni, ba ni ba ne. Allah ya jiƙansa.