Kira na Uku

Wata ƙara ce siririya, kamar ana jan ƙusa a jikin kwano, ta riƙa fitowa daga ɗakin jikata kullum in ta dawo daga makaranta. Na tambayi ubanta, ɗana na biyu da nake zaune wurinsa a unguwar Aziziyya, nan ƙasa mai tsarki, ya ce wai kukan fatalwa ne. Fatalwar Japan. Can aka zana ta a littafi, da ta karɓu aka sa mata motsi da murya, ga ta nan tana tsalle a wayar yarinya. Da na yi ƙorafi sai ya sayo mata abin toshe kunne, ya ce halas, wato shi ke nan, na huta. Shi a ganinsa ya yi magani. Ni kuwa tun daga ranar in na kira yarinyar ba ta ji, kuma daga azahar zuwa magariba daga ni sai ita a gidan.

Littafin ma, da yake tana da shi, sai da ya ba ni kunya. Ni ban yi karatu ba, amma na ga ta dama ake buɗe shi irin na Larabci, na ga yarinya ta duƙufa har abincinta na hucewa, sai na ɗauka ilimi ne. Har fariya na yi wa maƙwabciyata 'yar Cadi. Ranar da na leƙa ciki, me zan gani? Wasu halittu masu idanu kamar faifai, gashi shuɗi, wai matattu ne. Matacce da rigar makaranta, yana cin taliya da tsinke, yana wa rayayyu shaƙiyanci. An ma yi 'yar tsanarsa, jikata ta rataya a jaka. Mutanen da suka mai da mamaci abin rataya, me suka sani game da tsoro?

Ku da kuka taso gaban tsofaffi kun san abin da nake nufi. Mu a wani babban gida muka tashi, can kudancin Jidda, tun ba a cika wajen da benaye ba. Ɗakunan katako ne da langa-langa kewaye da tsakar gida ɗaya. Da zafi, iskar teku kan zo da gishiri da danshi, riga ta manne a baya, rufin ɗaki ya yi ta ƙas-ƙas shi kaɗai. Kakata ce babba a gidan. Da ƙafa ta taho daga Damagaram, ta ratsa Cadi da Sudan, ta binne mijinta a hanya, ta iso da 'ya'ya biyu. Gyaɗa take soyawa da yashi, ta kai ƙofar wata makaranta ta sayar. Ba ta dariya sai da dalili.

A bakinta ban taɓa jin an kira aljani da sunansa ba, sai dai mutanen ɓoye. Ba a zubar da ruwan zafi sai an yi bisimilla, don kada a ƙona ɗan wani da ba a gani. Amma dokar da ta fi nanata mini ita ce ta kira.

"In kika ji sunanki da tsakar rana ba ki ga mai kira ba, ki kama bakinki. Su sau biyu suke kira. Ɗan Adam ne ke kai uku."

"Ko da muryarki ce, Kaka?"

"Ai da tawa za su zo miki, 'yar nan. Da ta wa kike so su zo?"

Ina da shekara tara ko goma. Wata rana cikin tsananin zafi, maza sun tafi bakin jirgin ruwa wajen dako, mata sun fita talla, ni aka bari ina ɓarar gyaɗa a inuwar katanga. A sanina Kaka tana ƙofar makaranta. Ban san jiri ya ɗebe ta a hanya ba, ta juyo, ta shigo ta ƙofar baya ta nufi makewayi don ta watsa ruwa.

Sai na ji sunana. Daga wajen makewayi ya fito, inda ƙazamin ruwa ke kwanciya, wurin da kowa ya san nasu ne. Muryar Kaka ce, amma da nauyi, kamar harshen ya yi wa bakin yawa. Na ce a raina, ga shi, ba su iya kwaikwayo sosai ba. Na damƙe gyaɗar da ke hannuna. Aka sake kira, wannan karon ƙasa-ƙasa. Na riƙe numfashi ina jiran na uku. Ƙudaje na yawo, langa-langa na ƙara. Ba a kira ba. Wallahi daɗi na ji. Na ƙagu Kaka ta dawo in ba ta labarin yadda na ci jarrabawa.

Goggona ce ta tsince ta da la'asar, kwance gefen bokiti, rabin jikinta ya mutu, rana ta gasa mata kunci.

Ta yi kwana shida kafin ta cika. A na huɗu, da aka bar mu mu biyu, ta yafito ni da hannun da ke motsi. Sai da na kai kunnena bakinta.

"Kin ji ni?"

"Na ji."

"Sau nawa?"

"Biyu."

Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta ce, "Kin yi daidai."

Ba ta gaya wa kowa ba, ni ma ban gaya ba. Irin mutanen da suka rene mu ke nan. Ta gwammace ta kwanta cikin rana da a ce dokarta ta karye a bakinta.

Rannan na sa jikata ta yi mini bayanin fim ɗin nata. Hausarta ta ji ce, ba ta faɗa ba, rabi da rabi take haɗawa da Larabci. Ta ce wai fatalwar, shabah take ce mata, tana dawowa ne in akwai maganar da ba ta ƙarasa ba. Sai a saurare ta, a yi kuka, a yafi juna, ta zama haske ta tafi. Wai har ita ma ta yi hawaye a wurin. Na dube ta. Ashe haka mutuwa take da sauƙi a Japan, a je a dawo kamar an manta mayafi a gidan biki. Ni sama da shekara sittin ina da maganar da ban ƙarasa ba, kuma babu tsakar ranar da ban kasa kunne ba. Wanda ya tafi ya tafi. Masu zanen nan ko ba su taɓa rasa kowa ba, ko kuwa sun san yara suke wa ƙarya.

Yanzu ni ce mai jiri. Likita ya ce jinina ya hau, ga gwiwa, ga tayil ɗin banɗakin nan mai santsi kamar an shafa kuɓewa. Makon jiya na gwada jikar tawa. Ina zaune lafiya lau a kan dardumata na kira sunanta. Na ƙirga kira har bakwai, ba ta ji ba. Mu tsoron abin da ba mu gani ya hana mu amsawa, su kuwa kallon abin da babu shi.

Na tashi da sandata na shiga ɗakinta, na zare abin toshe kunnen daga kunnenta na dama, na sa a lalitata. Na ce kunne ɗaya ya ishi Japanawa, ɗayan nawa ne. Na ce kuma daga yau, a gidan nan kira ɗaya ake amsawa.

Ta turo baki, ta kira ni da sitti, wato kaka da Larabcinsu. "Ya sitti, ba ke kika ce da can ba a amsawa sai na uku ba? In shabah ne fa?"

Na ce, "Ki amsa masa. In ya isa, ki turo mini shi, ina da saƙo."