Tambayar da Yayana Ya Yi Mini a Mahjar

Mun tashi da asuba daga Kano, mu huɗu, kowa da haraminsa a jakar hannu. Umra ce ta fitar da mu, kuma mun yi ta, Allah ya karɓa. Amma wanda ya aike mu shi ne maigidanmu, ɗan takarar shugaban ƙasa da nake rubuta wa jawabi. Ya ce in mun gama ibada mu tsaya Jidda mu gaishe da manyan 'yan kasuwarmu na can. Su ba ƙuri'a suke jefawa ba, sai dai in ɗayansu ya ɗaga waya, unguwa guda takan juya a gida.

Ni kuma ina da tawa buƙatar da ban faɗa wa abokan tafiya ba. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa goma sha tara a Jidda. Ɗan daudu ne. Na rubuta haka ƙarara don na gaji da cewa "yana waje yana neman na kansa". Samarin unguwarmu ne suka tare shi a bakin kasuwa suka fasa masa goshi, babanmu kuma ya ce kada ya sake taka masa zaure. Ya tafi aikin Hajji, bai dawo ba. Yanzu baba ya rasu, Inna ta tsufa, kullum maganarta a dawo mata da ɗanta.

Kwana huɗu muka yi a Makka, sannan muka gangaro Jidda. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, har wani abokin tafiyarmu ya ce barci ya ƙi ɗaukarsa saboda motar ba ta jijjiga shi. Zafin Jidda kuwa ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi. Ka fito wanka, kafin ka ɗaura agogo ka sake zama abin wanka. Da safe muna karyawa da ful da tamis, wato wake da burodin tanderu, riyal uku sai ka ƙoshi, shayi riyal ɗaya. Direban tasinmu Bahaushen Nijar ne, yana zuba mana Hausa da Larabci da Faransanci a jumla guda, in muka yi nawa ya ce "yalla, yalla".

Bari in faɗi abin da ya sa na taho da fata. A wata hira ta rediyo an tambayi maigidanmu game da 'yan daudu da masu neman jinsinsu. Ya ce addininsa bai yarda da aikin ba, amma babu mai ikon dukan ɗan ƙasa a titi ko korarsa daga garinsu. Ni na tsara masa wannan amsar, ina tuna goshin yayana. Lissafina shi ne, mutum irin maigidanmu mai sallah, wanda ba za a kira shi yaron Turawa ba, in ya faɗi haka masu tsauri za su tsaya su saurara.

Ranar Juma'a bayan an sauko, wani babban ɗan kasuwa ya gayyace mu gidansa a unguwar Madain Fahd. Dattawa kusan ashirin a falo, an baza leda a ƙasa, ga waina, ga tuwon shinkafa, ga miyar taushe da farfesun kan rago. Loma ɗaya na kai baki na gane ɗanɗanon. Miyar Inna ce sak. Mai gidan ya ga yadda ake suɗar hannu, ya ce wani mutum ne a unguwar Mahjar ke dafa masa, duk Jidda babu mai hannunsa.

Ana cikin ci wani dattijo ya dubi shugaban tawagarmu ya ce, "Alhaji, mun ji mutuminku ya ce a ƙyale 'yan daudu. In haka ne, halas, magana ta ƙare, ku gama cin abincinku mu yi sallama."

Shugaban ya yi dariya. "Sharrin 'yan adawa ne, Baba. In ya hau mulki ko ɗaya ba zai kwana a gari ba."

Aka yi ta kabbara, aka ci gaba da miƙa hannu a faranti. Ni ma na kai wata loma. Na ɗaga kai, sai ga wani mutum a bakin ƙofar tsakar gida, rungume da tukunya, furfura ta cinye masa kai, ga tabo a goshi. Yayana ne. Muka haɗa ido. Ya girgiza mini kai kaɗan, alamar kada in tashi, ya juya. Ban tashi ba. Kuma ba don ya hana ni ba ne.

Washegari da hantsi na zame na tafi Mahjar. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, lunguna matsattsu, na'urorin sanyaya ɗaki na ɗiga a kan masu wucewa. Ɗakin yayana ɗaya ne, rabinsa manyan tukwane. Ba shi da iƙama, takardar zama ke nan, ba shi da kafilin da zai tsaya masa. In an ce ana kame, sai ya kulle ƙofa ya kashe wuta. Leburorin unguwar masana'antu da gidajen biki su ne abokan cinikinsa. Ya rungume ni, ya ce na yi tumbi kamar baba, muka yi dariya har muka koma kuka.

Da muka natsu ya ce, "Ƙanena, na ji hirar mutuminku, wani ya kunna mini a waya. Sau uku na saurara. Har na soma tambayar yadda ake miƙa kai ga hukuma a mayar da mutum gida. Amma ka sani, in na fita ƙasar nan ba ni ba dawowa. To faɗa mini tsakaninka da Allah. In ya ci zaɓe, zan iya zama a ƙofar gidanmu ba a jefe ni ba?"

Na soma kame-kame, wai siyasa sai a hankali, wai abin da aka faɗa jiya na baki ne kawai.

Ya ce, "Ya akhi, shekara goma ina ciyar da mutanen nan. Sun san ko ni wane ne. Suna cewa in ƙara yaji, su juya su tsine mini. In cikinsu bai sauya musu ra'ayi ba, jawabinka ne zai sauya?"

Ya ɗaura mini yajin daddawa da turare in kai wa Inna. Ya raka ni bakin titi, bai yarda ya wuce nan ba.

A jirgin dawowa shugaban tawaga ya matso kusa da ni ya ce maganar rediyon nan a binne ta, kuma a samo wata mai zafi da za ta goge ta. Sati bai cika ba maigida ya tsaya gaban dubban jama'a ya yi alkawarin tsarkake gari. Tafin da aka yi masa ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Ɗan takara mai sassauci ba ya jan jama'a zuwa inda yake tsaye. Yakan leƙa ne ya ga inda suka taru, ya je ya tsaya a gabansu. Mu ma da ke bayansa haka muke. Na zauna a falo ana tsine wa ɗan'uwana, bakina cike da girkinsa.

Na kai wa Inna saƙonta. Ta shinshina yajin. Sannan ta ce, "Yaushe ya ce zai zo?"

Na ce, "Bayan zaɓe, Inna."

Ta ce, "To, Allah ya ba mutuminku sa'a."