Farin Zanin Gado a Ƙauyen Mahaifiyata

Ana sallame sallar asuba muka ɗora kaya muka bar Kalgo, ni da ƙanwata da muke ɗinki tare. Masu bibiyata sun san sana'ata: zanin gado da rigar matashin kai nake ɗinkawa, a shagon da na yanka daga zauren gidanmu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne alkawarin da na ɗauka bayan rasuwar mahaifiyarmu, cewa duk shekara zan ware wani abu daga ɗinkina in kai sadaka ƙauyensu, can gaba da Masama, Allah Ya kai ladan kabarinta. Bana ne karon farko, kuma ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin ƙauyen na zaɓa.

Kada ku zaci ragowar shago na kwasa. Zama na yi na fitar da zanin da zai dace da katifar asibiti, mai ledar nan da zani ke zamewa a kanta. Na gwada yadi iri-iri, na wanke, na shanya, na kwanta a kai cikin zafin bazara, har na tsaya a kan auduga zalla. Na shimfiɗawa na sa masa roba a kusurwoyi, na lulluɓa kuma na bar shi sake. Launi kuwa fari tas, domin datti ba ya ɓuya a fari, kuma yana jure ruwan zafi da bilic. Na san na yi aiki, ban jira an faɗa mini ba.

Ta Birnin Kebbi muka bi. Damina ta yi kyau, shinkafa ta rufe fadama, gero ya fitar da kai. A tasha kwandasta ya dubi ƙullin kayanmu ya ce sai mun biya masa kuɗin kujera. Na ce to idan fasinja ne a ba shi gefen taga. Aka yi dariya, ya rage. Muka karya da masa mai zafi, wadda ta ƙanƙance tun zuwana na bara, amma kuɗinta bai ƙanƙance ba. Daga Gwandu sai kabu-kabu. Ƙanwata, mai cika bakin ba ta tsoron komai, ta riƙe ƙarfen babur tana salati har muka wuce Masama.

Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin haihuwar ta tarbe mu da murna. Muka shimfiɗa zannuwan, roba ta kama katifa cif, ɗaki ya yi haske. Akwai wata da ta haihu da safen nan, tana kwance a tabarma, sai ma'aikaciyar ta kamo ta don ta zama ta farko. Ta hau gado, na ɗauko na lulluɓar zan rufa mata, sai kakarta, wata tsohuwa da ta zo jinya, ta riƙe mini hannu.

"Ɗiyata, mi za ki yi? Jikata da ranta za ki ruhe ta da hwari?"

Sai a lokacin na kalli gadon da idon tsohuwar: mace a miƙe, fari a ƙasa, fari a sama. Likkafani sak. Mai jegon ta sauko a hankali ta koma tabarmarta, matan da suka zo barka suka fara ƙus-ƙus. Ma'aikaciyar ta ja ni waje ta gaya mini cewa da ƙyar take shawo kan matan yankin su zo haihuwa asibiti, idan kuwa labari ya zaga rugage cewa da likkafani ake rufe mai jego, ba wadda za ta ƙara tako ƙafarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na zo neman wa mahaifiyata lada, ina shirin korar mata daga asibiti.

Ƙanwata ta ce mu naɗe kayanmu mu koma. Na ce wallahi zanin nan ba zai sake ganin Kalgo ba. Yadin ba shi da laifi, ɗinkin ba shi da laifi, fari ne kawai ya yi yawa, wannan kuma aikin tela ne. Muka sake hawa kabu-kabu zuwa Gwandu, muka bi shagunan teloli muna sayen ƙyallayen atamfa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Wani dattijon tela da ya ji abin sadaka ne ya bar mana kekunansa biyu, ya aika aka kawo mana fura da nono mai kauri. Muka yi wa kowane zani baki mai faɗi, muka ratsa tsakiyarsa da atamfa. Muna dab da gamawa ƙyalle ya ƙare, na lulluɓa guda ya rage fari yadda yake, na tura shi ƙasan jaka.

Bayan la'asar muka koma. Tsohuwar nan ta karɓi zani guda, ta juya shi ciki da bai, ta ja ɗinkin da ƙarfi ta ga bai saki ba. Da hannunta ta kwantar da jikarta ta lulluɓe ta, ta ɗora mata jaririn. Matan barka suka shiga tambayata ko ina ɗinka wa amare irinsa.

Muna shirin tafiya ta biyo ni bakin ƙofa. Ashe ta ga farin da na ɓoye. Ta rage murya.

"Wancan da ba ki taɓa ba, ki ba ni shi. Ban aje nawa likkafanin ba, kuma ban son ranar ɗiyana su shiga yawon nema."

Na ciro na miƙa mata. Ta shafa audugar, ta ce mai laushi ce, ta tambayi sunan mahaifiyata ta yi mata addu'a mai tsawo. A nan ne hawaye ya zo mini, ban kuma share ba.

Mun kwana Gwandu wajen 'yan'uwa, da hantsi muka iso Kalgo. Tafiyar ta koya mini cewa ban gama gwada kaya ba sai na tambayi wadda za ta kwanta a kai, ko da kyauta zan ba ta. Farin zani mai bakin atamfa yanzu ya shiga kayan shagona, kuma shi aka fi tambaya. Badi in Allah Ya kai mu zan koma da masu launi na ɗakin haihuwa, da kuma 'yan farare da allura ba ta ratsa su ba. Waɗannan a ƙasan jaka za su tafi, sai wanda ya tambaya.