Audugar da Ba Ta Hau Sikeli Ba

Jiya jikata ta ɓalli audugar kanti, ta goge farce, ta wurgar a tsakar gida. Sai da na sa ta ɗauke. Ta yi ta dariya, wai Hajiya ta fiye maƙo. To, ku ma ku dara, amma ku ji ni tukuna.

A ƙauyenmu, gabas da Dutse, da auduga gidanmu yake ci. Baba ke noma ta, shi ne kuma masaƙi. Inna ke kaɗi. Ni ke gurza, in murje ta a kan dutse da ɗan ƙarfe har ƙwayar ta fita, tafin hannuna duk ya yi kanta. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce mai faɗa a ji, kuma ba a zubar da komai a gabanta. Ƙwayar nan, angurya, a ware iri, a ba awaki, sauran a daka a yi miya. Zare in ya tsinke a ƙulla. Ɗan abin da ya maƙale a bakin kwando ma sai ta tsince shi ta murza lagwanin fitila.

Wata shekara, mun gama ɗibar auduga ke nan, sai ga sanarwa daga dagaci: Nasara sun kafa sikeli a kasuwa, kowane magidanci ya kai tasa duka, har da ƙwayar. Mai son sutura kuwa ya sayi akoko, yadin nan nasu da wanki ɗaya ke tona wa asiri.

Baba mutum ne mai gudun fitina. Ya fara ɗura buhu. Kaka ta zo ta zauna daram a kai.

"Ɗan nan, in ka kai ta, me matarka za ta kaɗa? Me za ka saƙa? Awakin kuma sulalla za su ci?"

"Iya, daga sama fa abin ya zo."

"Su suka yi maka noman?"

Bayan kwana uku yaron dagaci ya yi sallama a zaure. Kaka ta fita da mazarinta, abin kaɗin nan, tana murzawa. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ko dakatawa ba ta yi ba.

"Rigar jikinka, wa ya kaɗa zarenta?"

"Ke ce, Iya."

"To koma ka gaya wa maigidanka ba ni bayarwa. In ya isa, ya shigo cikin matan aure ya ɗauka."

Ba wanda ya shigo. Amma aka tasa ƙeyar Baba aikin hanya na tilas, wata guda cur. Inna ta yi kuka har ta gaji, ta daina yi wa Kaka magana sai gaisuwa. Ni ma, wallahi, na ji haushin tsohuwar nan sosai. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ninka kaɗi, ta sa ina kai zare gidajen masaƙa, kuma ba mu taɓa fashin tuwo ba.

Baba ya dawo a rame, ƙafa duk kaushi. Ya tarar da zare tuli yana jiransa. Kaka ta ware mafi siriri a ciki, ta ajiye a gabansa.

"Wannan saƙa mini fari. Ba ni shiga kabari da akoko."

Ya zauna ya ɗaura saƙa. Kafin ruwan farko ya sauka Allah Ya yi mata rasuwa. Inna, wadda ba ta yi mata magana, ita ta yi mata wanka ta naɗe ta a farin nan, tana kuka tana gyara mata gefe.

Yau ba mai kaɗi ko ɗaya a ƙauyenmu. Bara na ce wa ɗana ya nemo mini farin saƙi. Ya zaga Dutse, ya je har Kiyawa, ya dawo mini da yadin kanti a leda. Na ce ya mayar inda ya samo. Na shuka auduga a bayan ɗakina, na gurje ta da kaina. Ido ya yi rauni, amma yatsu ba su manta ba, zare ya kusa isa. Masaƙin ne har yanzu ban samu ba.